Kundin Aikin Waƙar Hira

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin da na sa a gaba yake tafiya. Aikin kuwa shi ne rubuta waƙa guda ɗaya mai tsawo a kan yadda mutanen unguwarmu ta Fagge suke cin lokacinsu tsakanin sallar isha'i da barci, tun daga zamanin da muke yara har zuwa yau. Na raɗa mata suna Waƙar Hira, na kuma yi niyyar ta kai baiti 100 kafin damina ta wuce, in Allah ya yarda.

Ni akawu ne, ban karanta Hausa a jami'a ba, amma tun ina makarantar sakandare nake da son karatun littattafai da kallon fim, kuma lokaci zuwa lokaci nakan rubuta 'yan baitoci a bayan takarda, in karanta wa kaina, in ajiye. Abin da ya tunzura ni a wannan karo shi ne rasuwar wani dattijo maƙwabcinmu a ƙarshen shekarar da ta wuce, mutumin da ya fi shekara 40 yana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa kowane dare, rediyo a gefensa, mutane suna zuwa suna tafiya. Da aka share makoki aka naɗe tabarmar, sai na ga wurin ya zama fili kawai, kuma na tabbata nan da 'yan shekaru babu wanda zai tuna irin zaman da aka yi a wurin. Ina so in kama wannan zama in sa shi cikin baiti tun da sauran waɗanda suka gan shi da idonsu.

Na raba waƙar kashi 5: tatsuniya, rediyo, littafi, sinima da bidiyo, sannan waya. Na ware awa ɗaya bayan isha'i a daren Litinin da Laraba da Juma'a domin rubutu, Asabar kuma domin ziyarar waɗanda zan yi wa tambaya. Na sayi littafin rubutu mai kauri da fensir 3 da abin gogewa. A daren jiya na rubuta baiti 2 a tsarin ƙwar biyar, wato kowane baiti ɗango biyar, domin shi ne tsarin da kunnena ya fi sabawa da shi a waƙoƙin wa'azin da almajirai suke rerawa.

Asabar, 18 ga Janairu

Na kai baiti 6 da na rubuta wurin wani tsohon malaminmu na Hausa wanda ya yi ritaya, yana zaune a cikin birni. Na same shi a zaure da hantsi yana shan rana saboda sanyin hunturun bana, hazo ya rufe gari har ba a hango Dala sosai. Bayan mun gaisa na miƙa masa littafin, sai ya mayar mini da shi ba tare da ya buɗe ba, ya ce, “Rera mini.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ai rubutacciya ce.” Ya ce rubutacciyar waƙa ma da kunne ake auna ta, takarda ma'ajiya ce kawai.

Na rera baiti na farko lafiya. A na biyu sai na ji harshena yana tuntuɓe, ina jan wata kalma fiye da yadda ake faɗinta, ina haɗiye wata domin ta shiga. Malam bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya ɗauki fensir ya koya mini abin da na daɗe ina jin sunansa ban san yadda yake aiki ba, wato ilimin aruli. Ya ce gaɓar Hausa iri biyu ce a wajen awo: mai nauyi, wadda take da dogon wasali ko take ƙarewa da baƙi, da marar nauyi, wadda take da gajeren wasali. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka mai kallon takarda sai ya ɗauka fari na launi da fari na ɗan fari abu ɗaya ne, ko ya ga gari na birni da gari na tuwo ya kasa bambanta su, alhali na tuwo wasalinsa na farko dogo ne. Ya ce masu rubutun ajami sun fi mu sa'a ta wannan fuska, domin su suna da hanyar nuna ja a rubuce.

Daga nan ya ba ni tarihin abin a taƙaice: Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara karuruwa 15 na waƙar Larabci a ƙarni na 8, wani malami bayansa ya ƙara ɗaya suka zama 16, kuma malaman ƙasar Hausa sun ɗauki da yawa daga cikinsu sun ɗora waƙoƙinsu a kai tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u. Ya auna ɗangon farko na waƙata ya ce ba tare da na sani ba na hau karin Mutaƙarab, wanda ƙafarsa gaɓa ɗaya ce marar nauyi da biyu masu nauyi, ana maimaita ta sau 4 a ɗango. Sauran ɗangogin ne suka riƙa sauka daga kan karin suna komawa.

Shawararsa ta biyu ta fi yi mini ɗaci, amma na karɓa. Ya ce in bar ƙwar biyar, domin wanda bai iya riƙe kari a ɗango biyu ba, idan aka ba shi biyar zai cika su da ciko ne. Na koma 'yar tagwai, ɗango biyu a baiti, da amsa-amon “ra” a ƙarshen kowane baiti. Daga cikin ɗango 30 da na kai masa, ga abin da ya tsira, shi ne kuma mabuɗin waƙar:

Da sunan Ilahi nake fara zance,
Ya sa min fasaha ya ƙaro basira.

Zan bi shi da baitin salati kamar yadda magabata suke yi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mako biyu ke nan ina kan kashin tatsuniya. Na je gida wurin Hajiya ranar Asabar da ta wuce da azahar na roƙe ta ta tuna mini tatsuniyoyin da kakarmu take yi mana, sai ta ce, “Kai yaron nan, wa ya taɓa yin tatsuniya da rana? Ka dawo bayan isha'i.” Ni ne ɗanta namiji na fari, har yau ba ta kama sunana. Na koma da dare tare da ƙananan 'ya'yana biyu, muka zauna a tsakar gida kusa da kaskon wuta. Da ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” yaran suka yi shiru suna kallonta domin ba su san amsar ba, sai da na ce “Ta zo mu ji ta” suka maimaita. Wannan shirun nasu ya tsaya mini a rai, domin laifin ba nasu ba ne, ni ne ban taɓa zaunar da su na yi musu ba.

Ta yi mana guda uku. Abin da na lura da shi, wanda ban lura da shi ina yaro ba, shi ne yadda take sauya murya: idan Gizo zai yi magana sai ta karya harshe ta yi tsamin baki, idan kura ce sai ta kumbura murya, idan an zo wurin waƙa kuma sai ta dakata har mu amsa. Ashe rabin tatsuniya a muryar mai yin ta yake. Wannan ba zai shiga takarda ba, amma na ƙudura cewa duk inda waƙata ta ambaci tatsuniya, to mai bayarwar zan nuna da wurin zaman, ba zan tsaya zayyana labarin ba.

Sunan Gizo ya ba ni wahala kwana biyu. Gaɓoɓinsa biyu duka marasa nauyi ne, ƙafar Mutaƙarab kuwa tana son mai nauyi a wuri na biyu. Na juya shi gaba da baya har na gano cewa idan na ce “Gizon nan”, baƙin da ya ƙaru ya ba gaɓar nauyi, ƙafa ta cika daidai. Ga biyu daga cikin baitocin wannan kashi:

Idan an yi lisha wata ya yi haske,
Mukan je ga kaka ta ja mu da hira.

Gizon nan na Ƙoƙi akwai shi da wayo,
Ya cuci su zaki ya yaudari kura.

Na zaɓi “lisha” a kan “isha'i” saboda haka kakarmu take faɗa, kuma ita ce ta zauna a kan kari. Jimillar baitoci yanzu 17.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na tsallake kashin rediyo na shiga na littafi, domin a makon nan hannuna ya kai kan tsohon kwafina na Magana Jari Ce a cikin akwatin da na gada, bangonsa ya yage, shafukan sun yi ja. Na sake karanta littafi na ɗaya cikin dare huɗu, a lokacin da ya kamata in yi rubutu, kuma ban ɗauki wannan a matsayin asarar lokaci ba. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya a shekarun 1930, bayan gasar rubutun 1933 da ta fito da sunansa, kuma har yau idan aka karanta shi a bayyane sai a ji kamar mutum ne zaune yana ba da labari. Na gwada: na karanta wa yara shafi biyu da murya, suka nemi ƙari. Wannan ya nuna mini cewa a gidajenmu littafi bai kori tatsuniya ba lokacin da ya shigo, gefenta ya zauna, domin wanda ya iya boko shi yake karantawa sauran suna saurare.

Ranar Alhamis na kira Yaya a waya na tambaye ta zamanin hayar littafi. Ta ce a farkon shekarun 1990 akwai mai shago a bakin layinmu da yake jera littattafan soyayya a kan igiya, a biya shi a ɗauka a dawo da shi washegari, kuma da yake labari ɗaya yakan kasu littafi na ɗaya da na biyu da na uku, sai a yi ta aiken yaro ya dubo ko na gaba ya fito. Yaron da ake aike ni ne. Na tuna nakan tsaya a soro in karanta shafi goma kafin in miƙa, kuma daga nan ne na fara sanin cewa ana iya rubuta maganar gida da ta kishiya da ta makarantar 'ya mace a littafi. Masana sun kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, wasu da raini suka faɗi sunan, amma ni shaida ne cewa mata da yawa a unguwarmu da waɗannan littattafai suka riƙe karatun bokonsu bayan an cire su daga makaranta an yi musu aure. Wannan magana dole ta shiga waƙar, kuma na ba ta baiti 5. Jimilla 29.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata. Bayan tarawihi jiki ba ya ɗaukar rubutu, don haka na dakatar da sabon baiti har bayan salla. Abin da nake yi kawai shi ne bayan sahur, kafin a kira asuba, nakan rera abin da na riga na rubuta a hankali in sa alama a duk inda harshe ya tsaya. Na sami wuri 7, na gyara 4.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadin da ta wuce, kuma yawon gaisuwar salla ya ba ni abin da nake nema na kashin sinima. Kawu, ƙanin Hajiya, ya haura shekara 70, kuma a ƙuruciyarsa babu gidan kallon da bai shiga ba a Kano. Da na gaya masa abin da nake yi sai ya gyara zama ya riƙa lissafa su: Rex da Plaza da Orion da Eldorado da Palace, daga baya Marhaba. Ya ce yawancinsu ba su da rufi, sai duhu ya yi ake farawa, idan hadari ya taso kuwa kallo ya tashi. Kujerun gaba masu araha ne, a nan ake ihu da fito, ana gargaɗin jarumi cewa ga mugu nan a bayansa. Fim ɗin Indiya shi ne sarki, sai na kaboyi da na faɗan Sin.

Na tambaye shi dalilin da ya sa iyaye suke ƙyamar zuwa sinima haka. Ya ce abin ya daɗe, kuma mahaifinsu yakan kafa hujja da gobarar sinimar El Duniya ta watan Mayun 1951, wadda mutum 331 suka rasu a cikinta, mutane da yawa a lokacin suka ɗauke ta a matsayin ishara. Don haka duk yaron da aka ce ɗan sinima ne, to an ɓata shi ke nan, kuma mace ta gari ba ta taka wurin. Hajiya da take jin mu ta ce ita ba ta taɓa ganin cikin sinima ba, abin da ta sani shi ne majigi da ake kawowa fili a haska a bango, sai kuma talabijin da ta shigo gida, musamman wasannin kwaikwayon tashar CTV wadda yanzu ake kira ARTV. Ta ce fim na sosai bai iso ga matan aure ba sai da kaset ɗin bidiyo ya zo. Wannan ya yi daidai da abin da na sani, cewa daga Turmin Danya na 1990 ne harkar fim ɗin Hausa na bidiyo ta tashi a Kano, har aka raɗa mata suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990. Da na rubuta wannan kashi daga bakin Kawu kaɗai, da na bar rabin gidan a waje.

Da dare muka kalli wani tsohon fim ɗin Indiya tare da shi, irin waɗanda aka fassara da Hausa. Bai kai rabin awa ba ya ce in rage murya. Ya ce, “Ɗana, mu da muka kalle shi babu fassara mun fi ku fahimtarsa, domin mu fuska muke karantawa.” Na rage, muka ci gaba da kallo shiru, yana gaya mini abin da zai faru tun kafin ya faru. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin fassarar ta buɗe wa mutane da yawa ƙofa, kuma masu yin ta suna da tasu gwanintar harshe. Amma na ɗauki darasi ɗaya domin waƙata: hoto guda da aka nuna da kyau ya fi bayani goma. Na soke baiti 3 da na yi ina lissafa sunayen gidajen sinima, na maye su da wannan:

Duhu ya rufe mu da haske a bango,
Dawaki su keto suna ta da ƙura.

Wannan ne baitin da na fi so zuwa yanzu, kuma shi ne na farko da ya zo mini a kan kari ba tare da na ƙirga gaɓa da yatsa ba. Jimilla 44.

Asabar, 3 ga Mayu

Wata guda ban ƙara komai ba sai baiti 6 na kashin rediyo. Zafin bazara ya tsananta, wuta ba ta zama, ɗaki ba ya shiguwa sai tsakar dare, ga aikin ofis ya taru. Na mayar da zaman rubutun tsakar gida da fitila mai caji. Baitocin rediyon sun tsaya ne a kan dattijon nan maƙwabcinmu: yadda yake murɗa akwatin a hankali yana neman Kaduna, yadda kowa yake yin tsit idan an buga tambarin labarai daga London, da yadda yake shanya batir a rana domin ya ƙara kwana. Ba su gamsar da ni ba tukuna, domin har yanzu suna kama da jerin kaya, mutumin bai fito ba. Na bar su haka zan dawo musu. Jimilla 50, rabin tafiya.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, rubutu ya dawo. Bayan babbar salla na shiga kashi na ƙarshe, na waya, kuma a nan ne aikin ya kusa karkacewa. Cikin dare biyu na zubo baiti 11, ban taɓa yin sauri haka ba, dukansu kuka ne a kan yadda waya ta raba mutane. Ga wanda ya buɗe su:

A yau ga mu zaune gida ɗai da juna,
Wayoyi a hannu, mu manta da saura.

Na karanta wa iyalina su ranar Laraba ina jin na yi abin kirki. Babbar 'yata, wadda take aji biyar na sakandare, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Baba, ka tambayi Hajiya, ka tambayi Kawu, ka kira Gwaggo a waya, amma mu ba ka tambaye mu ba.” Maganarta gaskiya ce, ban kuma sami abin cewa ba. Kashi huɗu na farko na gina su ne da bakin waɗanda suka yi zamanin, na biyar kuwa na gina shi da zato.

Daren Juma'a na ajiye fensir na zauna kusa da ita ta nuna mini abin da take yi. Littafin Hausa take karantawa, wata marubuciya tana sakin sa babi-babi, ita da ƙawayenta suna jiran na gaba kamar yadda Yaya take jiran littafi na biyu, suna gardama a kan wace ce mai gaskiya tsakanin uwar miji da matar ɗa. Ta nuna mini inda ake karanta irin waɗannan littattafai da murya a YouTube, ta ce mahaifiyarta ma takan saurara tana girki, abin da ban taɓa lura da shi ba a cikin gidana. Ƙaninta kuma fim mai dogon zango yake bi mako-mako, ya san ranar da kowane kashi yake fita. Ban fasa ganin abin da na gani ba: akwai dare da yawa da muke zaune wuri ɗaya babu mai ce wa wani uffan, kuma wannan rashi ne na gaske, domin tatsuniyar kaka tana buƙatar a amsa mata, waya kuwa ba ta jiran amsar kowa. Amma ƙishin labari da ya kai mu gaban kaka, ya kai Kawu Plaza, ya kai Yaya shagon haya, shi ne dai yake riƙe da yarinyar nan, kuma waƙar da ta zage ta a kan abin da ta yabi kakanninta a kansa ba ta yi adalci ba.

Na soke 8 daga cikin 11. Na bar na farkon domin gaskiya ne, na bi shi da wannan:

Ɗiyata a lungu tana bin karatu,
Wayar ce ta zam mata kaka ta hira.

A bakinmu na Kano “'yata” muke cewa, amma kalmar tana farawa da gaɓa mai nauyi, kari kuwa yana son marar nauyi a farko, don haka na aro “ɗiyata” daga mutanen Sakkwato da Katsina, kamar yadda na aro “ɗai” a baitin da ya gabata. Malam ya taɓa gaya mini cewa mawaƙa sun saba yin wannan aro, ba aibi ba ne. Jimilla 58.

Asabar, 19 ga Yuli

Na koma wurin Malam da baiti 71, na rera masa su daga farko har ƙarshe, abin da ya ɗauke mu kusan minti 25 saboda yana tsayar da ni. Idonsa a rufe yake, yana buga yatsa a gwiwa, duk inda yatsan ya tsaya na san akwai magana. Ya tsaya sau 9. Biyar daga ciki ya ce zihafi ne da aka yarda da shi, wato gaɓar ƙarshen ƙafa ta zo marar nauyi, kamar a “ta ja mu da hira”, kuma wannan ba ya karya waƙa, yana ma hana ta zama kamar dakan turmi ɗaya. Huɗun kuwa karaya ce ta gaske, sai an sake su.

Sannan ya kama ni da laifin da ban san laifi ba ne. Kalmar “hira” ta zo a amsa-amo sau 6, biyu daga ciki baiti uku ne kawai tsakaninsu. Ya ce malaman aruli suna ƙin a maimaita kalmar amsa-amo kafin a wuce baiti 7, domin yana nuna rumbun mawaƙi ya kusa ƙarewa. Muka zauna muka lissafa kalmomin da ban taɓa ba: ishara, bishara, fura, shara, Daura, Sahara, tara, gara. Ya ce kada in cusa kalma don tana ƙarewa da “ra” kawai, in nemi wadda maganar take bukata, in babu in sake ginin baitin daga tushe.

Game da baitocin rediyo, ya yarda da ni cewa ba su da rai. Ya tambaye ni abin da dattijon yake cewa idan labarai sun ƙare. Na ce yakan kashe akwatin ya ce, “To, Allah ya kyauta,” sannan a buɗe gardama. Malam ya ce to wannan kalma ita ce mutumin, ita zan nema wa wuri.

Asabar, 9 ga Agusta

Na gyara karaya huɗun, na rage “hira” zuwa sau 3 masu nisa da juna, na sake kashin rediyo gaba ɗaya a kan maganar dattijon, ya tashi daga baiti 6 zuwa 10. Jimilla yanzu 83. Saura baitocin da za su haɗa kashin littafi da na sinima, domin a yanzu an yi tsalle a wurin, sai kuma marufi, inda zan yi godiya ga Allah da salati, in faɗi adadin baitoci da shekara. Da na fara aikin muna cikin 1446 ne, yanzu kuwa mun shiga 1447 tun ƙarshen Yuni, don haka ita za a rubuta. Malam ya yi alkawarin koya mini yadda ake fitar da ramzi, wato faɗin shekara da haruffa, idan na kawo masa sauran.

'Yata ta karɓi aikin buga waƙar a kwamfuta, ta kuma gano yadda ake samun ƙ da ɗ da ɓ a allon rubutu, domin na ce ba zan yarda a rubuta ƙura ta koma kura ba. Hajiya ta ce idan an gama a zo a rera mata da dare a tsakar gida, ta kuma sa a gaya wa Kawu da Yaya. Na sa ranar 26 ga wannan wata, wadda ta dace da Ranar Hausa ta Duniya, a matsayin ranar da nake fatan kammalawa. Daren Litinin zan fara da baitocin haɗin, kuma na riga na sami ɗangon farko a hanyar dawowa daga masallaci.